Ministan Ruwan Sambirka

Ɗana na fari, wanda ke aikin biro, wato ofis, a Yamai, ya zo gida da ƙara. Ba ƙarar gona ba ce, ba ta gado ba. Ƙarar ɗansa Isufu ya kawo mini, yaron da ke lise, wato sakandare. Laifin yaron kuwa karatu. Na ce to, duniya ta juya, mu da anka daka don mun ƙi karatu, yau ga shi ana kawo mana ƙarar wanda ya so shi. Ya ce, "Baba, ba karatun lakwal ba na. Waɗansu littattafai na masu kauri awa tubali, cike da ƙasashen da babu su, da sarakunan da ba a taɓa haihuwa ba, da macizai masu fiffike. Har taswira gare su. Yaro ya san kogunan ƙarya da sunansu, amma tambaye shi garuruwan da ke tsakanin Baleyara da Filingue, sai shi tsaya yana kallonka. Ka yi mishi faɗa, kai kaɗai yake jin nauyi." Na gyara zama, na ɗaure fuska irin ta alƙali, na ce a kawo mini mai laifi da kayan laifi. Amma kafin in faɗi yadda shari'ar ta ƙare, wajibi ne mai karatu ya sani cewa alƙalin nan yana da hannu a cikin maganar, domin shi kansa tsohon minista ne a ƙasar da babu ita.

Yaran yanzu ba su san korar tsuntsu ba, sai dai su ji a baki. A zamaninmu, da zarar gero ya fid da kai ya yi bununi ya fara ɗaukar ido, to yaro ya gama zama ɗan gida, ya koma ɗan rumfa. Kowace gona a kwarinmu, wanda ake kira dallol, tana da rumfarta: sanduna masu gwafa a kafe, a jera kara a bisa, tsayinta ya ɗara kan gero, a ja igiyoyi daga nan zuwa kusurwoyin gona a rataya musu sakaina da tsofaffin gwangwanaye. Kana hawa tun raɓa ba ta bushe ba, da ɗan goran furarka da majajjawa, ba ka sauka sai rana ta faɗa bayan dutse, in banda salla da abin da ba a faɗi. Har yau in na rufe ido ina jin kwarin nan: kwaram-kwaram na gwangwani, fyuu na majajjawa, kukan jaki daga rijiya, amon taɓarya daga gari, sannan ƙugin janbaki in sun taso gaba ɗaya, kamar an kakkaɓe babbar tabarma a sama. Janbaki tsuntsu ne ɗan mitsitsi, amma wayonsa na tsohon ɓarawo ne. In ka tsaya kan "Haa! Haa!" kaɗai, kafin hantsi ya gane ihun nan babu kowa a cikinsa, ya sauka yana ci kana yi masa kiɗa. Abin da yake tsoro shi ne murya mai rai, wadda ke hawa tana sauka, wadda ke nufin abin da take faɗi. Saboda haka magana muke yi da ƙarfi, daga rumfa zuwa rumfa. Mukan fara da gaisuwa, mu wuce zagi, mu bi ta kan tsegumin gari, wa anka doka jiya, akuyar wa ta haihu. To amma ƙauyenmu ƙarami ne, kafin azahar gaskiya ta ƙare. Daga nan sai ƙarya.

Ban san wanda ya fara furta sunan Sambirka ba. Mun taso mun tarar da ita ƴar ƙarama, gari guda da rijiya guda, yayyenmu sunka bar mana kamar yadda ake bar wa ƙane tsohuwar riga, mu ne munka faɗaɗa ta. Tana can bayan inda rana ke faɗuwa. Duwatsunta ba sa zama wuri ɗaya, kiwo suke tafiya, akwai Fulanin da sana'arsu ke nan, korar duwatsu, kuma matafiyi ba ya kama hanya sai ya tambaye su inda hanyar ta kwana. Ganuwar babban birni kitsa ta ake yi kamar kan mace, ranar Juma'a ake kwance ta a sake, don haka duk mai son yaƙi da Sambirka ranar Alhamis yake zuwa, lokacin da kitso ya tsufa. Akwai kasuwar da ba a shiga da inuwa, a bakin ƙofa kake tuɓe ta ka ba mai tsaro. In ka fito da wuri ka samu taka, in ka tsaya ciniki ka tafi gida da ta wani, shi ya sa a can za ka ga ƙato yana tafe da inuwar tsohuwa mai sanda. A tsakiyar ƙasar kuma akwai Babban Kogi, wanda ke gangarawa yamma da safe ya juyo gida da maraice, don bai yarda da kwanan daji ba.

Kada wani ya ɗauka hauka muke yi babu tsari. Sambirka tana da doka, guda ɗaya tak, kuma ban ga ƙasar da ta riƙe dokarta kamar yadda munka riƙe wannan ba. In ka ƙwala labari daga rumfarka, bai zama gaskiya ba sai maƙwabtanka biyu, na dama da na hagu, sun amsa da "Ya zauna!" In sun amsa, shi ke nan, ko kai da ka faɗa ba ka da ikon janyewa. Abokina Nomau ya taɓa jin haushi don an hana shi sarautar duwatsu, ya ƙwala cewa hancin Sarkin Sambirka ya faɗa cikin miya. Dariya ta kwashe maƙwabtansa sunka amsa. Da hankali ya dawo kowa ya yi da-na-sani, domin muna tsakiyar shirin auren sarkin ne, amma abin da ya zauna ya zauna. Dole munka ƙirƙiro unguwar maƙeran hanci, da hancin salla na azurfa da na zaman gida na baƙin ƙarfe, da ɓarawon da ya sace na azurfar, da yaƙin da ya biyo baya, wanda ya ci mana kaka guda cur. Abin da na gane ke nan tun ina yaro: ba yawan abin mamaki ke riƙe ƙasar ƙarya ba, taurin dokarta ne. In komai na iya faruwa yau a share shi gobe, babu wanda zai tsage maƙogwaronsa a kai.

Sai Kuluwa, taubashiyata, ɗiyar kawuna, wadda Allah ya halitta musamman don ta hana ni sakewa. Rumfarta tana tsakanin tawa da ta Nomau. Ita ba ta taɓa gina ko ɗaki a Sambirka ba, aikinta ɓarna. Ranar da na ƙwala cewa geron can ƙasa yake fid da kai, cikin rami, don haka yaran can ba su san korar tsuntsu ba, anka amsa mini da murna. Kafin in rufe baki muryarta ta taso: "Gaskiya na, ba su korar tsuntsu! Gafiya suke kora! Tun safe har marece suna tsalle bisa gona, ƙafafunsu sun kumbura awa turmi!" Bakin Nomau da na yaron da ke riƙe mini igiya sunka amsa. Na ce, "Kuluwa, mi ɗiyan nan sunka yi miki?" Ta ce, "Kai dai mai kan tulu, in sun huta, labarin mi za mu ba da?" Na tsane ta ranar nan har maraice, amma tun daga sannan na fi jin yaran Sambirka a raina, don na san su ma suna kwana da ciwon jiki. Har ƙananan da ake ɗora mana a rumfa don uwayensu su samu sarari sukan jefa nasu labarin, mu amsa musu don kada su yi kuka, mu manta. Kuluwa kullum da irin wannan kaya take hawa, wata ƴar ƙarama mai suna Tani, autar Baba Arzika.

Baba Arzika wan babana ne, gonarsa ce ta can ƙasa a gindin kwari. Mutum ne da ban taɓa ganin haƙoransa ba sai wurin cin goro. Yakan wuni a duƙe ƙarƙashinmu yana yankan harawa, muna yaƙi da ɓarayin hanci a bisa kansa, ko ɗaga ido ba ya yi. In uwayenmu sun kai masa ƙara cewa ƙarya ta yi mana yawa, abin da yake cewa ɗaya ne: "Maƙogwaronsu nike so, abin da ke fita ciki ba ruwana. In sun girma sun bari."

Ana cikin haka anka ce kowane gida ya ba da yaro lakwal, makarantar boko. Babana ya dubi ƴaƴansa, ya zaɓi wanda rashinsa ba zai rage ko dami ɗaya ba, wato ni. Na yi ƴan shekaru a Filingue ina shan bulalar mushe, wato malamin lakwal, na fito da abin da ya isa in karanta takardar asibiti in kuma rubuta wannan da kuke gani. In kun ga kuskure ku tuhumi wanda ya kore ni da wuri. A bangon kilas akwai taswira. Na nemi ƙauyenmu a kanta sama da ƙasa, babu. Filingue kanta ɗigo ce kamar kashin ƙuda. Na ce a raina, ashe mu da Sambirka matsayinmu ɗaya wurin Nasara. A shekarun nan ne anka ce ƙasa ta samu ƴancin kai, anka ba mu ƴan tutoci munka yi maci a rana muna rera abin da ba mu san ma'anarsa ba. Da na dawo hutu na hau rumfa, na ce wallahi Sambirka ma sai ta samu. Nomau ya ce, "Daga hannun wa? Wa ya taɓa cin ta?" Nan magana ta tsaya, don ba a ƴanta wanda ba a kama ba. Kuluwa ta ce a bar mata wannan. Kafin la'asar ta kawo rundunar shamuwa, masu dogayen ƙafafu da baƙar kwat, sunka ci ƙasar sunka ɗora harajin kwaɗi. Mun sha mulkinsu har gero ya kusa yanka, sannan munka kore su munka kafa gwamnati. Nomau ya samu duwatsunsa a ƙarshe. Kuluwa ta nemi parzidan, shugabancin ƙasa, anka hana ta, ta karɓi Ƙofar Gabas, inda duk mugun labari ke shigowa. Ni kuwa, a matsayina na mai ilimi, anka ba ni ministan ruwa, Babban Kogi da duk rassansa a hannuna. Har yau ba a sauke ni ba. Sojoji sun yi juyi a ƙasar nan sun sake yi, babu wanda ya tuna da kujerata.

Kamar yadda Baba Arzika ya faɗa, mun girma mun bari. Kuluwa ta yi aure, ni ma na yi, Tani kuwa ƙyanda ta ɗauke ta tun ba ta kai ɗaukar tulu ba. Sai fari ya zo. Ba zan tsaya kwatanta shi ba, waɗanda sunka gani ba sa son ji, waɗanda ba su gani ba ba za su yarda ba. Shanu sun faɗi a bakin rijiya, mata sun tone gidan tururuwa neman ƙwaya, mun jiƙa anza, ƴaƴan itacen daji, mun ci ɗacinta. Damina ta yi mana wasa: a yi ruwa mu shuka, ta ɗauke, shuka ta ƙone, a sake yayyafi mu sake, har irin da ke ajiye a gindin rumbu ya ƙare ƙaf. Manomi zai gane abin da nake faɗi. Yunwa ta bana ce, rashin iri kuwa na baɗi ne da abin da ke bayansa. An kawo wani jan hatsi a kamyo, manyan motocin kaya, mun gode, amma na ci ne, bai san ƙasarmu ba balle ya tsiro a cikinta. Samari sunka watse, wasu Yamai, wasu bakin teku, har da mijin Kuluwa. Ni ciwon uwata ya riƙe ni, Nomau kurkunu ya ɗaure masa ƙafa.

A duk kwarin gona ɗaya ta tsira, ta Baba Arzika, can inda ruwa ke kwance kusa da saiwa. Ba ta yi kyau ba, amma ta fid da kai. Tsohon ya tsai da mutane bayan sallar Juma'a ya ce, "Geron ga ba nawa ba na, ba kuma na ci ba na. Iri na, na gari duka. Wanda ya murza zangarniya guda ya kai baki, ni da shi har gaban Allah. Amma ni ɗaya ba ni iya tsare shi." Kowa ya san abin da yake nufi. Janbaki ma fari ya ci su, kuma duk ƙasarmu ta Kurfey ba su da inda za su sauka sai wannan ɗan koren. Munka kewaye gonar da rumfuna, munka hau, mu da munka rage: tsofaffi, da mata masu goyo, da matata, da gurgu, da minista.

Kwanakin farko mun yi ihu. Amma ihu da ciki ake yin sa. Mutumin da ya karya da anza, kafin rana ta take muryarsa ta koma ta ɗan tsako. Mukan ja igiya, gwangwani ya yi ƙara, tsuntsu ya ɗaga kai ya duba ya ci gaba da abin da ya kawo shi. Wata rana da tsakar rana kwarin ya yi tsit. Ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irinsa ba, don a cikinsa kana jin tsuntsu na ci, wani ƙas-ƙas-ƙas kamar yayyafi bisa busasshen ganye. Ina gani da idona gefen yamma ya yi baƙi da su, raina na cewa tashi, jikina na cewa bari dai tukuna. Kowa haka. Babu wanda ya ce ya yanke ƙauna, gyangyaɗi kawai muke yi, baɗi na wucewa ta bakin tsuntsu.

Sai na ji murya daga gabas, a shaƙe, amma ko cikin kabari na san ta. Kuluwa ce tsaye bisa rumfa, goyo a baya, ta riƙe sanda da hannu ɗaya don kada ta faɗi.

"Labari daga Ƙofar Gabas! Ku ji, mutanen Sambirka! Babban Kogi ya ƙafe! Ƙaf! Jakkai na birgima tsakiyarshi!"

Nomau ne a hagunta, yana tsakanin barci da farke. Bakinsa ya riga hankalinsa tashi, ya ce, "Ya zauna."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da na kasa tashi saboda geron da zai ciyar da ƴaƴana, na tashi saboda kogin da babu shi. Da wani anka ba ni labarinsa haka, da na ce a kai shi wurin malamai.

"Ƙarya kike, Kuluwa! Ba a sanar da minista ba! Nomau, ɗan banza, janye bakinka!"

"Ba a janyewa, ranka shi daɗe," in ji Kuluwa. "Ko lakwal ta mantar da kai doka? Minista na sharar barci, kogi ya kama gabanshi. Saura baki guda."

Wata mata daga kudu ta ƙwala, "To masu kitson ganuwa da mi za su jiƙa ta?" Wani ya ce kada kowa ya kuskura ya amsa. Rumfuna sunka fara motsi, tsuntsayen da ke kusa sunka ɗan ɗaga. Saura baki guda, kuma doka ta ce na damanta ne. Na duba damanta, na ga Baba Arzika. Hankalina ya kwanta, na ce mun tsira, tsohon nan bai taɓa sa bakinsa a shirmenmu ba. Sai na ga ya miƙe a hankali yana dafa gwiwa, ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"Ya zauna!"

Ita kanta Kuluwa baki buɗe ta tsaya. Daga baya ta gaya mini rigima kawai ta so ta tayar don mu farka, ba ta yi nufin kashe kogin ba.

Na ce, "Baba! Har da kai?"

"Har da ni. Abin da ya ƙafe ya ƙafe, minista, ba a gardama da busasshiyar ƙasa. Amma ku duka kun manta, ƴan gwamnatin banza. Kogin ga yana da uwa. Tana zaune bayan duwatsu masu kiwo. In ta yi kewarshi takan kira shi, shi tafi da ruwanshi duka, kuma ba shi dawowa sai gari ya taru ya kira shi da sunan da take kiranshi cikin gida."

Nomau ya ce, "Baba, wa ya faɗi hakanga? Yaushe ya zauna?"

"Tani ta faɗa. Bisa rumfar Kuluwa, shekarar da shamuwa sunka ci ku. Kai da bakinka ka amsa, kai da ministan ga, don ta bar kuka. Ina ƙasa ina yankan harawa."

Sai a lokacin na gane. Shekara da shekaru muna ƙwala ƙasarmu bisa kan tsohon nan, muna zaton kunnensa na wurin lauje. Ashe abin da ake faɗi da ihu ba shi da asiri, kuma ashe akwai muryar da uba ba ya bari ta faɗi ƙasa.

Kuluwa ta tambaya a hankali, "Mi na sunan, Baba?"

Ya share fuska da hannun riga. "Gajere. Kogin da ya ratsa ƙasa tun daga kai har gindi, uwarshi Gajere take ce mishi."

Dariya ta ɓarke a bakunan da sunka manta yadda ake yin ta. Tsohon bai yi ba. Ya haɗa tafin hannuwansa a baki, ya juya yamma, ya ja numfashi: "Gajereee!" Munka ɗauka, rumfa bayan rumfa, mata da tsofaffi, har goyon Kuluwa ya sa kuka ya taya mu. Janbaki sunka tashi kamar hayaƙin gobara.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ko da yake sana'ata ce: ko ɗigo bai sauko daga sama ba ranar nan, cikinmu kuma bai cika ba. Amma a Sambirka Gajere ya ji kira ya kamo hanya. Ni ke sanar da inda ya kwana kowace safiya, kuma ba sai an faɗa mini ba na san kada ya iso birni kafin gero ya ƙosa. Kuluwa ta taimaka da iyakar muguntarta. Yau wani dutse mai ciki ya kwanta kan hanya zai haihu, sai Nomau ya wuni yana lallashinsa da ihu. Gobe maƙeran hanci sun sace reshe guda don kashe ƙarfe. Jibi uwar kogin ta biyo shi da kuka, ya koma raka ta. Abin da ya fi ba ni mamaki tsofaffin matan nan ne, waɗanda da can suke kai ƙararmu: ashe sun san kowace unguwa. Wata ta rantse kogin ba zai wuce ba sai ya bi ta kasuwar inuwa, don tana da dangi a can. Baba Arzika kuwa ya zama alƙalin da ba ya ɗaga ƙafa, in ka kawo abin da ya saɓa wa maganar da ta zauna tun muna yara sai ya tsai da kai ya faɗa maka wanda ya faɗe ta. Mutane sunka riƙa hawa rumfa tun da jijjifi ba a tashe su ba. Matata ta taɓa suma anka sauko da ita, da ta farfaɗo abin da ta fara tambaya shi ne ko dutsen ya haihu. Tsuntsu ya ci nasa, ba zan ɓoye ba, gefen yamma bai dawo ba. Amma kwarin bai sake yin shiru ba.

Ranar da Baba Arzika ya ciza ƙwaya ya ji ta yi ƙaras, ya tofar da ita cikin hannunsa don kada a ce ya ci, ya dube ni ya ce, "Minista, bar shi shi shigo." Na hau rumfa na sanar da cewa Gajere ya shiga birni ta Ƙofar Gabas, ya jiƙa mai tsaronta har wuya. Wannan karon ba baki biyu ba, kwarin duka ya amsa, har da Kuluwa, tana zagina. Munka yanke geron, ba a sussuke shi ba, anka raba shi da zangarniyarsa gida-gida, har gidajen da mazansu sunka tafi, kowa ya sa a tukunya ya liƙe da laka. Damina ta gaba ta zo da dama-dama. Munka shuka.

Yanzu rumfuna sun faɗi, yara na kilas lokacin da gero ke ɗaukar ido, in janbaki sun yi yawa jirgin feshin magani ake jira. Ƙasashen ƙarya ma ba su ƙare ba, sai dai a gine suke zuwa, cikin littafi da cikin salula, kowa ya duƙa kan tasa shi kaɗai, babu mai tambayarsa ko ya zauna. Wannan kaɗai nake jin wa yaran nan tausayi.

To, anka kawo mini Isufu da tubalinsa, daidai lokacin da kakarsa ta sauke tuwo. Na buɗe taswirar na duba da kyau, irin duban ma'aikaci. Na ce, "Mi suke ci a nan? Wa ke musu noma?" Ya faɗa mini, har da inda suke samun gishiri. Na ce, "In mutumin kirki ya mutu, mai littafin na ta da shi?" Ya ce a'a, wanda ya fi so ma ya mutu, kuma bai dawo ba. Na ce to ƙasar arziki ce, tana da doka. Na yanke hukunci: zai haddace garuruwan hanya tun daga Baleyara har gida, kada ya tsallake Tabla, sannan ƙasar nan tasa zai riƙa ba ƙannensa labarinta da ƙarfi, ba cikin ciki ba. Daga nan na ba su labarin da kunka ji. Yaron ya ce, "Kaka, Kuluwa fa?" Na ce ta rasu bara, Allah ya jiƙanta. Amma a Sambirka ba a sanar ba. Doka na son baki biyu, Nomau ya kurumce, ni kuma ba ni da niyya. Tana nan Ƙofar Gabas tana shirya mini wata masifa.

Ubansa ya girgiza kai, ya yanko loma, ya ce, "Baba, labari ya yi daɗi. Amma ƙarya dai ba ta ciyar da kowa."

Na ce, "Dubi abin da ke hannunka. Daga rumbuna ya fito, kuma ban taɓa sayen iri ba. Jikan jikan geron Baba Arzika na. Da shi anka yaye ka, da shi ka yi ƙarfin zuwa lakwal har ka samu bakin wagga magana. Ƙarya ta ciyar da kai, malam na biro."

Ya tsaya yana kallon lomar. Isufu ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Ya zauna."

Daga bakin madafa, ba tare da ta ko juyo ba, kakarsa ta ce, "Ya zauna."

Baki biyu ke nan. Ba a janyewa.